Ɗaki bayan mota, ɗaki bisa jaki

Duk wanda ya zauna bisa bencin lakwal a ƙasar nan ya san kalmar nan ta Faransanci, karaban. Mu dai da ayari aka fassara mana ita, wato jerin raƙuman da ke barin Abzin cikin kaka su nufi Bilma ɗaukar gishiri da dabino. Sai da muka kai lise, muka soma buɗe tsofaffin mujallun da ke zo mana daga Faransa, sa'an nan muka gane cewa su can in an ce karaban ba raƙumi ke faɗo wa mutum a rai ba. Wani ɗan ɗaki ne mai tayoyi da ake ɗaurawa bayan mota, maigida ya ja shi da iyalinsa zuwa bakin teku ko gindin dutse, su yi mako biyu ko uku suna shan iska, su komo gida.

Wannan hoto ne ya komo mini a rai wata yamma bayan an gama girbi, ina cikin ƙasar Tagris, gabas da Dakoro, a gefen kwarin Tarka. Motarmu ta tsaya don a ba wasu makiyaya hanya. Jakai ne a gaba, kowanne an ɗora masa lanƙwasassun itatuwa da naɗaɗɗun tabarmi, ga ƙafafun gado, ga ƙorai cikin raga, ga wata ƴar yarinya zaune bisa kayan tana rungume da ɗan akuyar da aka haifa ranar. Can baya amalanke na biye da jarkokin ruwa da buhun hatsi. Da suka sauka nesa kaɗan da hanya, na bi su na yi sallama. Kafin a kira magariba ɗaki ya tsaya, an shimfiɗa gado, hayaƙi na tashi daga murhu. Mata ne suka yi aikin duka.

To, mai karatu, ga mutane iri biyu da ba su san juna ba, kowa na jan ɗakinsa zuwa inda zai kwana. Ɗaya don nishaɗi yake yi, an kuma share masa hanya. Ɗaya kuwa rayuwarsa ke nan, hanyar tasa kuma kullum ƙara tsukewa take yi.

Bari mu fara da na Turawa, tunda shi ne baƙo gare mu. Abin ya samo asali ne a Ingila, inda a shekara ta 1885 wani likitan sojan ruwa mai suna William Gordon Stables ya sa aka ƙera masa ɗaki bisa keken doki, dawaki biyu na ja, don yawon buɗe ido kawai. Masu hali suka kwaikwaye shi, har suka kafa ƙungiya a 1907. Amma abin bai zama na kowa da kowa ba sai da abu biyu suka haɗu: mota ta yi araha, ma'aikaci kuma ya samu hutu. A Faransa, gwamnatin Léon Blum ce ta kafa dokar hutun mako biyu da albashi a 1936, leburori suka fantsama bakin teku da kekuna da tantuna. A Amurka Wally Byam ya ƙera ɗakunan nan na gorar ruwa masu ƙyalli da ake kira Airstream, a 1959 ma ya jagoranci guda 41 daga birnin Kap na Afirka ta Kudu, suka ratsa nahiyarmu har Alƙahira.

Babban ɗaki yana da tsada, yana da nauyi, yana kuma tare iska har mota ta riƙa shan mai kamar ba gobe. Shi ya sa aka fito da mai naɗewa. A Faransa kamfanin Rapido ya fara ƙera irinsa a 1961, a Amurka kuma Jayco ya shigo kasuwar a 1968 daga jihar Indiyana. In yana tafe bisa hanya, ba ka ganin komi sai wani akwati shimfiɗaɗɗe wanda tsayinsa bai kai ƙirjin mutum ba, direba na hangen bayansa ta madubi. In an iso masauki, sai a kafa masa ƙafafu huɗu, a murza wani hannu na ƙarfe, rufi ya ɗago sama, a jawo gadaje biyu ta gaba da baya kamar aljihun tebur, bangon zane mai kauri ya miƙe tsakaninsu. Cikin ƙasa da rabin awa an samu wurin kwanan mutum huɗu ko shida, da murhun gas da ɗan tankin ruwa. Yana da laifinsa: in aka naɗe shi da danshi sai zanen ya yi funfuna ya ruɓe, ba ya kuma tare sanyi ko hayaniyar maƙwabta. Duk matar da ta taɓa naɗe tabarmin ɗakinta bayan ruwan dare ta san wannan ciwon kai ba tare da an karanta mata shi ba.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne wajen lodi, don a nan ilmin injiniya da na mai amalanke suka zo daidai. Ɗakin yana zaune ne bisa sanda guda mai taya biyu, gabansa kuma na rataye da wani dunƙulen ƙarfe a bayan mota. In kaya suka yi yawa a baya, gaban sai ya ɗaga, ya rage wa tayoyin bayan mota riƙon ƙasa, da an ƙara gudu ko wata babbar mota ta gifta sai ɗakin ya soma lilo, hagu da dama, har ya kai ga kifar da motar. In kuma suka yi yawa a gaba, bayan mota ya durƙusa, sitiyari ya yi sako-sako. Don haka a Amurka ake koya wa direbobi su bar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin bisa dunƙulen nan, a sa kaya masu nauyi ƙasa-ƙasa, gaba kaɗan da tayoyi. In lilon ya soma, ba a taka birki da ƙarfi, ɗaga ƙafa ake yi daga totur a hankali, a riƙe sitiyari miƙe. Dokar Faransa ta ce abin ja da ya wuce kilo 500 sai ya samu takardarsa da lambarsa, wanda ya wuce kilo 750 kuma sai da birkinsa na kansa.

Je ka kasuwar Sakabal ko ta Dakoro ka tsaya inda ake yi wa amalanke lodi, za ka ga darasin nan ba allo ba alli. Wanda ya jibge buhuna a baya zai ga jakinsa ya yi sama, ƙafafu na reto. Wanda ya tura su gaba zai tashi da jaki mai miki a gadon baya, kwana biyu ba aiki. Gwanin kuwa yakan ɗaga sandunan da hannu ɗaya kafin ya ɗaura, ya ji nauyin da dabba za ta ji. Bambancin kawai shi ne tamu amalanken ba ta da birki ko kaɗan, ba ta da fitila, kuma da dare bisa kwaltar Maraɗi zuwa Dakoro wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ita kanta amalanke ba tsohuwar aba ce a karkararmu ba. Ta yaɗu ne bayan farin shekarun 1970, lokacin da masana'antun gwamnati irin su ACREMA ta Tawa da UCOMA ta Damagaram da CDARMA ta Doso suka riƙa ƙera ta ana ba manoma bashi, daga baya maƙeran gari suka karɓe sana'ar da tsofaffin ƙarafan mota. Yau ta shiga zangon makiyaya, ta rage wa takarkari aiki, ta kuma ba su damar sauka nesa da rijiya, inda ciyawa ba ta tattake ba. A ƙasar da rijiya ke wuce zurfin mita 60, ake jan wasaki da jakai ko raƙumi, wanda ya iya kai ruwan kwana biyu gida a tafiya ɗaya ya huta da yawa.

Yanzu mu koma ga ɗakin da na gani an kafa. A wajen Abzinawa iri biyu ne. Akwai na fata, wanda aka fi sani wajen Azawak: fatun awaki ko tumaki gommai ake jemewa, a ɗinke su wuri ɗaya, a shafe da mai da jar ƙasa don ruwa ya riƙa zamewa. Akwai kuma na tabarma, wanda ake saƙawa da kaba, a lulluɓa bisa bakunan itace da akan samo daga saiwoyin ƙaya, don su ne ke lanƙwasuwa ba su karye ba. Gado ake fara kafawa, sa'an nan a gina ɗaki bisansa. Kewaye da shi akwai doguwar tabarmar tsinke mai ado da fata wadda ke tare iska da rairayi, suna ce mata asabar. Mai karatu zai ji kamar ya san kalmar, don asabarin da ke rataye ƙofar ɗakin kakarsa ɗan uwanta ne. Na Wodaɓe ya fi wannan sauƙi ma. Sau da yawa ba rufi, sai shingen rassa a bayan gado, ga teburin ƙorai da ake kira saga, wanda shi ne darajar mace, ga igiyar ɗaure maruƙa da ta raba gida biyu, mata ta gabas, maza da shanu ta yamma. Da damana sukan tashi bayan kwana biyu ko uku, don haka duk abin da takarkari ko jaki ba zai ɗauka ba, ba kayan gida ba ne. A shekarun nan tamfol na leda ya shiga ko'ina, ya fi arha, ya fi tare ruwa, amma da rana ɗaki yakan koma kamar tanderu, kuma bai cika kai shekara biyu ba.

Na nuna wa dattijuwar zangon hoton ɗakin Turawa a cikin wayata. Ta daɗe tana kallo, ta yaba gadajen, ta tambayi abin da ake yi in taya ta fashe a daji. Sa'an nan ta yi tambayar da ban shirya mata ba: na wa ne, na miji ko na mata? Don a al'adarsu ɗaki na mace ne. Uwarta da danginta mata ke haɗa mata shi lokacin aure, har kalmar ehan a harshensu tana nufin ɗaki tana kuma nufin auren kansa. In zama ya ƙi, ita ke kwance kayanta ta ɗora bisa jaki, namiji a bar shi da rawaninsa da butar shayi a gindin itace. Wannan magana tana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin a wurare da dama in iyali suka zauna wuri ɗaya suka gina na laka, ginin yakan zama na miji. Masu tsara ayyukan zaunar da makiyaya ba su cika lissafa wannan asarar ba.

Batun jirgin kamun kifi ba zai ɗauke mu lokaci ba, don Tarka kwari ne da ruwansa ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani, sai tabkunan damana da ke janyewa kafin bazara. Ba'amurke yakan ja kwale-kwalensa bayan mota, ya ja da baya bisa wata gangara ta siminti har jirgin ya hau ruwa. Masuntanmu su ma suna jan nasu, daga tabkin Madarunfa ko na Tabalak zuwa duk inda aka ji kifi ya yi, bisa amalanke ko rufin babbar mota, su kafa bukka a baki har tarwaɗa da ƙarfasa su ƙare. Wanda ba shi da jirgi ya ɗauki babbar gora a ka, ya kwanta bisanta cikin ruwa, ita ce jirgin, ita ce kuma ma'ajin kifin. Gaiwa kaɗai ta ƙi ƙaura: in tabki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta jira damana. Sauran kuwa sun san abin da Hausawa suka sa a bakinsu, cewa zama wuri ɗaya tsautsayi.

Ba don son wahala makiyayi ke tashi ba. Ruwan sama a ƙasarmu ba ya sauka daidai: nan ya yi, can bayan tudu ko ɗigo. Ciyawar da ta fi gina dabba ita ce sabuwa, kafin ta yi kai, kuma ta arewa, duk da ƙarancinta, ta fi ta kudu amfani a jiki. Wanda ya bi ta daki-daki har ƙasar gishiri ta Ingal, ya komo kudu bayan girbi ya ci karan gonaki ya bar taki, shi ke da nono da maruƙa. Wannan ba zancen soyayya da al'ada ba ne. A 1983 wasu masana biyu ƴan Holan, Breman da de Wit, sun auna kiwon Filanin Mali masu ƙaura, suka tarar abin da eka guda ke bayarwa a hannunsu ya fi na manyan garkunan shinge na Amurka da Ostareliya da ke samun ruwan sama kamar namu. Dattawan Dakoro ba su buƙatar a gaya musu. A farin 1984, waɗanda suka yi saurin kwance ɗaki suka yi kudu sun fi tsira da iri. A 2010 ma gawawwakin shanu sun cika dajin Gadabeji, inda dabbobi suka taru ciyawa ta ƙare.

A takarda, dokar Nijar tana cikin waɗanda suka fi kare makiyayi a yankinmu. Tun ranar 26 ga Mayu 1961 aka shata iyakar noma ta arewa, wadda a wannan yanki ta bi ta wajen kwarin Tarka: abin da ke bayanta na kiwo ne, wanda ya yi gona can kuwa ba shi da diyyar ɓarna. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kawo kwamitocin kula da filaye, ya kuma amince makiyayi na da fifiko bisa mashekarinsa. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta fito fili ta ce ƙaura haƙƙi ne na asali, ta hana kowa mallake filin kiwo shi kaɗai. Tun ƙarshen shekarun 1990 an bi burtaloli da yawa na jihar Maraɗi an kafa musu turakun siminti da taimakon ƙasar Suwis.

Amma wanda ya bi hanyar Soli da idonsa buɗe zai ga hatsi da wake inda taswira ta ce makiyaya. Ba na ɗora wa manomi laifin duka. Gonar kudu ta gaji, an raba ta tsakanin ƴaƴa har ta koma kamar tabarma, mutum ya ɗauki iyalinsa ya yi arewa don ya ci. Shi ma ƙaura ya yi. Wasu makiyayan da fari ya talauta su ma sun kama hauya, wasu kuma suna shuka ne kawai don a san wurin na da mai shi. Wanda na fi jin tsoro shi ne mai kuɗin birni da ke gina rijiya ko ya haƙa fanfo cikin daji, don a ƙasar da ba kogi wanda ya riƙe ruwa ya riƙe duk ciyawar da ke kewaye da shi, ko bai kafa shinge ba. Burtalin da ya rage kuma garmani ya cinye shi, ciyawar da dabba ba ta damu da ita ba. Kudu ma ba kamar da ba: jihar Binuwai ta Nijeriya ta hana kiwon sake a 2017, Benin ta taƙaita shigar garkunan waje a ƙarshen 2019, ƴan bindigar Zamfara da Katsina kuma sun sa dajin bakin iyaka ya zama abin tsoro. Garken da ya saba wucewa sai ya tsaya, ya tsaya kuma kusa da gonar da ba a girbe ba. Mutanen jihar nan sun san inda irin wannan ke kaiwa. A Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, an kashe mutum fiye da 100, galibinsu mata da yara na makiyaya.

Kada mai karatu ya ɗauka Turai ta warware wannan. Faransa na da filayen saukar masu yawon hutu fiye da 7000, da ruwa da lantarki da makewayi, don mai karaban na hutu kuɗi yake kawowa, kuma kowa ya san zai koma gidansa. Amma waɗanda karaban ɗin ne gidansu shekara duka, da ake kira mutanen tafiya, dokar 1969 ta tilasta musu yawo da wani littafi da jandarma ke bugawa hatimi, ba a soke shi ba sai 2017. A shekara ta 2000 an wajabta wa kowane gari mai mutum fiye da 5000 ya tanadar musu masauki, garuruwa da dama suka yi ta jan ƙafa, wasu kuma suka kai masaukin kusa da juji. Ga alama hukuma, ko ina take, ba ta sakin jiki da mutumin da ba ta san inda za ta same shi gobe ba. Lakwal, asibiti, rajistar haihuwa, katin zaɓe, duka an gina su ne don mai adireshi.

A ganina abin da za a roƙa wa Tagris ba sabuwar doka ba ce. A ba kwamitocin filaye abin hawa da kuɗin mai su je su ga turakun da aka tumɓuke. A sanar da ranar sakin gonaki da wuri, a rediyo, da Hausa da Filatanci da Tamajak, a kuma tsaya bisanta. Kafin a ba kowa izinin haƙa rijiya a dajin kiwo, a tambayi waɗanda ke shayarwa a wurin. A kuma tuna cewa burtali ba hanya kaɗai ba ce: garke na buƙatar inda zai kwana, mata na buƙatar inda za su kafa gado, to in an shata hanya ba a bar masauki ba, an yi rabin aiki.

Na koma zangon da hantsi washegari da ɗan sukari da ganyen shayi, na tarar ba kowa. Sai toka mai ɗumi, da ramukan da ƙafafun gado suka bari, da sawun amalanke da ya yi kudu, ya bi ta tsakanin wasu gonaki biyu inda faɗin burtalin bai fi a jera shanu huɗu ba.